Sa'adu Zungur: Malamin Asibitin da Ya Tarbi Sojojin Bama

Idan aka ambaci Malam Sa'adu Zungur, abin da yakan zo wa mai karatu shi ne siyasa da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Ba kasafai ake tuna cewa ta ƙofar kiwon lafiya ya shigo duniyar alƙalami ba. Haifaffen Bauchi ne, daga gidan malamai. Bayan Kwalejin Katsina, a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba. Daga can ya zo Makarantar Tsafta ta Kano, sannan ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya, har ciwon huhu ya mayar da shi gida.

Yana fama da wannan jinya Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Samarinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka fara dawowa daga dazuzzukan Bama, inda suka gwabza da Japanawa a Kaladan da Myohaung. Galibinsu ba su iya boko ba. Hausar bariki, wadda mu masu nazarin harshe ke kira Barikanci, da ita aka ba su oda, amma ba a rubuta wahalarsu da ita ba. Sai Malam ya tarbe su da waƙar Maraba da Soja, ya ɗaura nasararsu a kan batun 'yanci: wanda ya zubar da jini don wasu su 'yantu, ai ba a hana shi tambayar nasa.

A ganina, a nan waƙar ta yi ƙarfi, a nan kuma ta tsaya. Ta yi maganar sojan, amma sojan bai yi tasa ba. Firgicin dare da zabura in an buga ƙofa, waɗanda likitocin ƙwaƙwalwa suka ba suna a 1980, iyalai ne kawai suka san su. Isaac Fadoyebo, Bayarabe ma'aikacin jinya da aka harbe a Bama a 1944, ya rubuta nasa labarin da Turanci, aka buga a 1999. Tsofaffin sojojinmu kuwa da nasu aka kai su makwanci, kuma ina tsoron haka za ta faru da waɗanda suka dawo daga dajin Sambisa.

Malam ya ci gaba da gwagwarmaya tare da amininsa Malam Aminu Kano, ciwon bai sake shi ba, har ya rasu a 1958 bai cika hamsin ba. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa cikin littafi.