Bertha Benz: Matar da ta fara doguwar tafiya da mota a duniya

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Jimeta ya ga yadda Keke Napep ke kai da komo tsakaninta da Yola, da wuya ya kawo a ransa cewa motar farko mai aiki da fetur ita ma ƙafa uku gare ta. Wadda ta fara fita da wannan mota doguwar tafiya kuwa mace ce, Bajamushiya, Bertha Benz, kuma babban abin da ya sha mata kai a hanya shi ne wanda har gobe yake tsayar da direbobi: mai da hanyar da yake bi zuwa inji.

An haifi Bertha Ringer ranar 3 ga Mayu, 1849 a garin Pforzheim da ke kudu maso yammacin Jamus, a gidan masu hali. Tun kafin a ɗaura mata aure da injiniya Carl Benz, ta zuba dukiyar da iyayenta suka tanadar mata a masana'antarsa ta Mannheim da ke neman durƙushewa, aka sallami abokin kasuwancinsa August Ritter. Sun yi aure a 1872, suka haifi 'ya'ya biyar.

Ranar 29 ga Janairu, 1886 Carl ya nemi rajistar mallakar fasahar motarsa, aka ba ta lamba 37435. Sai dai kasuwa ta ƙi buɗewa. Mutane na yi wa motar kallon abin wasa mai ƙara da hayaƙi, ga dukiyar iyali ta tafi a kanta.

A farkon Agustan 1888, da asuba, Bertha ta bar wa mijinta 'yar takarda, ta ɗauki 'ya'yanta biyu, Eugen da Richard, suka fitar da motar ba tare da saninsa ba. Sun nufi gidan mahaifiyarta a Pforzheim, tafiyar kimanin kilomita 106, nisan da ya zarce na Jimeta zuwa Numan.

Motar ba ta da tankin mai irin na yau. Man da take ɗauka, kimanin lita huɗu da rabi, yana zaune ne a cikin kafireto. Iska ce ke ratsa saman man ta kwashi tururinsa zuwa cikin silinda, tartsatsin wuta ya kunna shi. Saboda haka sai mai marar nauyi, mai saurin tashi, zai yi aiki, wato ligroin, wanda a lokacin ake sayarwa a shagunan magani don cire tabo daga tufafi. Da man ya ƙare a garin Wiesloch, Bertha ta shiga shagon magani ta saya. Wannan shago ne ake ɗauka a matsayin gidan mai na farko a duniya.

Can gaba bututun mai ya toshe, inji ya mutu. Ta zare doguwar allurar da ke riƙe da hularta ta zungure shi har mai ya sauko. Da wayar wuta ta ɓare, ta naɗe ta da maɗaurin safarta. Maƙeri ya gyara mata sarƙa, baduku ya liƙa fata a katakon birkin da ya cinye, a wurin hawa kuma yaran suka sauka suka tura. Sun isa bayan faɗuwar rana, ta aika wa mijinta saƙon waya, bayan 'yan kwanaki suka komo da motar ta wata hanyar.

Labarin ya bazu, kuma abin da ta gani a hanya ya sa aka ƙara wa motar giyar hawa tudu. Hanyar mai ma ta ci gaba da sauyawa. A 1893 Wilhelm Maybach ya fito da kafireto mai fesa mai ta siririn baki. A motocin yau, famfon lantarki da galibi ke cikin tanki shi ke turo mai ta bututu, ya bi ta filta ta tace datti, ya isa nozul ta fesa shi daidai gwargwadon da kwamfutar mota ta auna. A cikin tankin akwai wani ɗan abu mai yawo a saman mai, shi ke motsa allurar da direba ke dubawa. Man da ke kewaye da famfon shi ke sanyaya shi, shi ya sa makanikai ke gargaɗin kada a saba tafiya da tanki a ƙasa. Man da ya kwashi ƙura ko ruwa, irin wanda akan ci karo da shi a galan a bakin hanya, yana toshe filta da nozul kamar yadda datti ya toshe bututun Bertha.

Daga baya iyalin suka koma Ladenburg. A 1926 kamfanin Benz ya haɗe da na Daimler, aka samu Mercedes-Benz, wadda Bahaushe ke kira Marsandi. Carl ya rasu a 1929. Bertha ta rayu bayansa shekara 15. A ranar da ta cika shekara 95, babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe ta ba ta muƙamin girmamawa, bayan kwana biyu kuma ta rasu, ranar 5 ga Mayu, 1944.

Sunanta bai fito a takardar rajistar motar ba, duk da cewa dukiyarta ce ta riƙe aikin. A 2008 aka amince da hanyar da ta bi, zuwa da dawowa, kilomita 194, a matsayin hanyar tarihi mai ɗauke da sunanta. Shagon maganin Wiesloch kuma yana nan har yau, da abin tunawa da ita a gabansa.