TARIHIN DOKTA MAIKEL DEBAKEY, ƊAN MAI KANTIN DA YA BUƊE JIJIYAR WUYA

Da wuya a sami kasuwa daga Gadarif zuwa Gallabat da ba a san wani ɗan kasuwa da ya kwanta lafiya ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye ba, abin da Larabawa ke kira jalɗa. A wannan makon za mu duba tarihin likitan da ya tare ciwon tun daga wuya.

An haifi marigayi Dokta Maikel DeBakey ranar 7 ga Satumba, 1908, a jihar Luwiziyana ta Amurka. Iyayensa 'yan ƙasar Labanan ne da suka je neman arziki. Mahaifinsa yana da kantin sayar da magani, mahaifiyarsa kuwa gwanar ɗinki ce, kuma a wurinta ya koyi riƙe allura tun yana yaro. Ya yi karatun likita a Jami'ar Tulane, sannan a 1948 ya koma birnin Hustan, inda ya yi sauran aikinsa.

Akwai manyan jijiyoyi biyu a gefen wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Sannu a hankali kitse kan taru a inda jijiyar ta rabu biyu, musamman ga mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko mai shan taba. Hanya sai ta ƙuntata, jini ya daskare a wurin, ranar da gudan ya ɓalle ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa sai shanyewa ta auku. Wani lokaci gargaɗi kan riga zuwa: hannu ya mutu, harshe ya karye, ko ido ɗaya ya dushe na 'yan mintoci, sannan komai ya dawo daidai. Mu dai mukan ce gajiya ce.

A watan Agustan 1953 aka kawo masa wani direban bas mai shekara 53 da irin waɗannan alamu. Ya tsaga jijiyar wuyansa, ya kankare abin da ya taru, ya ɗinke. Mutumin ya ƙara shekara 19 bai shanye ba. Sai dai likitan bai wallafa cikakken bayanin aikin ba sai 1975, alhali Dokta Eastcott da abokansa a Landan sun wallafa nasu tun 1954, shi ya sa ake gardamar wanda ya riga. A ganina wanda ya yi ciniki bai rubuta a littafi ba, shi ya jawo wa kansa gardama.

Masu sayar da yadi za su so wannan: a kanti ya sayi yadin Dacron, ya ɗinka jijiyar roba a keken ɗinkin matarsa, kuma ta yi aiki a jikin mutum.

A 2006, yana da shekara 97, aka yi masa tiyatar babbar jijiyar zuciya ta hanyar da shi kansa ya ƙirƙiro. Ya rasu ranar 11 ga Yuli, 2008, saura wata biyu ya cika shekara 100.