Huang Binhong (1865-1955): Dattijon Da Ya Raya Zanen Duwatsu Da Ruwa

A wannan fitowa ina so in ba ku tarihin wani mai zane ɗan ƙasar Sin, domin na ga akwai darasi a rayuwarsa ga irinmu da muka fara ƙorafin wai lokaci ya ƙure mana.

Sinawa suna da wani tsohon salon zane da suke kira "shanshui", wato duwatsu da ruwa. Da buroshi da baƙar tawada ake yin sa, kayan da suke rubutu da su. Tun zamanin daular Song, kimanin shekara dubu da suka wuce, gwanaye irin su Fan Kuan suka ɗaukaka shi. Amma a farkon ƙarni na 20 masu ilmin zamani da yawa suka ce ya tsufa, a koma wa salon Turawa.

An haifi Huang Binhong a garin Jinhua a 1865. A 1907 ya koma Shanghai, inda ya shafe kusan shekara 30 yana aikin edita da koyarwa, yana kuma nazarin ayyukan magabata. Bai tsaya ga kwaikwayo kawai ba. Ya yi ta tafiye-tafiye yana duban duwatsu da idonsa, har lardin Sichuan ya je yana da shekara kusan 70. Da ya koma Beijing a 1937, sojojin Japan suka mamaye birnin, sai ya kulle kansa a gida yana karatu da zane.

A nan ne hannunsa ya sauya. Da can zanensa fari-fari ne, tawada kaɗan. Daga baya ya riƙa ɗora tawada bisa tawada har dutse ya yi duhu ya yi nauyi, amma haske na ratsawa. Mutane da dama ba su so wannan salo ba, suna ganin ya cika baƙi. Sai a 1943, yana dab da shekara 80, aka shirya masa baje kolin farko na shi kaɗai a Shanghai, da taimakon mai fassara Fu Lei.

A 1948 ya koma Hangzhou. Yanar ido ta kusa makantar da shi, amma bai ajiye buroshi ba, kuma masana suna lissafa zanen wannan lokaci cikin mafi kyawun aikinsa. Ya rasu a 1955, iyalinsa suka mika ayyukansa ga gidan adana kayan tarihi na lardin Zhejiang. A 2017 an sayar da wani zanensa na dutsen Huangshan a gwanjo kan yuwan miliyan 345.

'Yan'uwa, mutumin nan bai yar da gadon gidansu ba, bai kuma bar shi ya daskare ba. Mahaƙurci mawadaci. Allah Ya ba mu juriya irin wannan a ayyukanmu, amin.