Babban Gwani: Maginin da ya ɗaga darajar ginin ƙasa a ƙasar Hausa

A ranar Juma'a 11 ga watan Agustan 2023, wani ɓangare na rufin babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masu sallar La'asar, inda aƙalla mutane 7 suka rasu.

Bayan juyayin rashin da aka yi, lamarin ya sake jawo hankalin jama'a ga mutumin da ya gina masallacin kusan shekaru 190 kafin nan, wato Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani.

Masu nazarin gine-gine suna ɗaukarsa a matsayin maginin da ya fi kowa shahara a ƙasar Hausa a ƙarni na 19.

Gadon sana'a

Babban Gwani ya taso ne a lokacin da gini yake sana'ar gado. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya shafe shekaru yana kallon hannun manya kafin a bar shi ya hau bango.

Kayan aikin da ya tarar ba su da yawa. Akwai jar ƙasa da ake cuɗawa da ciyawa, da tubalin da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, da azarar da ake tsagowa daga itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai kuma makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsin marina, waɗanda ake shafe gini da su domin kare shi daga ruwan sama.

Babbar matsalar ita ce azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Domin haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo: ana jera azara hawa-hawa daga bangaye biyu, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaure su ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Idan bakuna suka gitta juna suka tallafi rufi mai tulluwa, shi ne ake kira ɗaurin guga.

Wannan ilmi shi ne tushen duk abin da Babban Gwani ya yi. Abin da ya bambanta shi da sauran magina shi ne yadda ya kai dabarar matakin da ba a saba gani ba.

Zamanin da ya buƙaci gwani

Abu na biyu da ya yi tasiri a kansa shi ne zamanin da ya rayu a ciki. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma a 1808 Malam Musa ya karɓi birnin Zariya. Sababbin sarakunan suna buƙatar masallatan Juma'a da za su ɗauki jama'a masu yawa, da kotunan shari'a, da zaurukan fada.

Wannan bukata ce ta fitar da gwanintar magina daga cikin gidajen masu hali zuwa wuraren da kowa ke shiga. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora wa Babban Gwani aikin gina masallacin Juma'a a kusa da fada.

Daga waje masallacin ba shi da wani ƙawa na a zo a gani. A ciki ne ya zuba fasaharsa. Manyan ginshiƙai na ƙasa suna tashi daga daɓe, bakuna suna fita daga jikinsu suna haɗuwa a sama, suna ɗauke da tulluwa shida. Tsakanin bakunan an jera azara cikin tsari, ta yadda abin da ke riƙe da rufin shi ne kuma adonsa.

A jikin ginshiƙan ya yi zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya: layuka a tsaye, da kusurwoyi, da da'irori. Babu siffar mutum ko dabba, kamar yadda ya dace da ɗakin ibada. Irin wannan ado dangi ne ga abin da ake gani a aikin dukawa, da ɗinkin manyan riguna, da zayyanar Alƙur'ani, wato fasahohin da suka kewaye duk wanda ya tashi a birnin Hausa na wancan lokaci. A harabar masallacin kuma har da ɗakin shari'a.

Daga Zariya zuwa Bauchi

Sunan da ya yi a Zariya ya sa wasu masarautu suka nemi aikinsa. A Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauchi, akwai soron da ya gina wajen 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim. Har yanzu ana kiran soron da sunan Babban Gwani, kuma a 1956 hukuma ta sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare.

Kamar sauran mashahuran mutane, labaran baka sun taru a kansa. Ana cewa da rana masu taya shi aiki ke shirya ƙasa da tubali, shi kuwa sai dare ya yi yake hawa gini, da safe mutane su tarar aiki ya ci gaba. Wata ruwaya kuma ta ce bayan ya gama masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi domin kada ya gina wa wani abin da ya fi shi. Irin waɗannan labarai suna nuna yadda aikinsa ya fi ƙarfin tunanin mutanen zamaninsa.

Abin da ya bari

A cikin birnin Zariya akwai unguwar da ke ɗauke da sunansa, kuma zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sarautar magina bayansa.

A ƙarni na 20 masana suka fara rubuta aikinsa. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya auna masallacin Zariya ya zana taswirarsa, daga baya kuma aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin na Zariya da sabon gini na siminti.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da gyara kowace shekara, kuma gyaran yana buƙatar magina da suka san sirrin azara da bakan gizo. Yayin da bulo da kwano suka mamaye birane, masu wannan sani sai raguwa suke yi.

Bayan ruftawar 2023, masarautar Zazzau ƙarƙashin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli ta ƙaddamar da gidauniyar sake gina masallacin. Soron Kafin Madaki da kwafin da ke Jos suna cikin wuraren da suka rage, inda mai son sanin Babban Gwani zai ɗaga kai ya ga abin da ya iya yi da ƙasa da giginya.