Tarihin Demetrio Stratos, mawaƙin da ya mayar da murya kayan kiɗa

An haifi Demetrio Stratos ne ranar 22 ga watan Afrilun 1945 a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar. Iyayensa Girkawa ne, kuma sunansa na yanka Efstratios Dimitriou.

Ya tashi yana jin waƙoƙin cocin Girkawa a gefe guda, da kuma kiɗan Larabawa a ɗaya gefen. Tun yana yaro ya koyi kaɗa fiyano da akodiyon.

Bayan rikicin mashigin Suwez na 1956, an tura shi makaranta a birnin Nikosiya na tsibirin Kubrus. A 1962 ya koma birnin Milan na Italiya, inda ya shiga jami'a domin karanta zanen gine-gine, amma daga bisani kiɗa ya rinjaye shi.

Ya fara yin suna ne a ƙungiyar I Ribelli, musamman da waƙar Pugni chiusi ta 1967. Sai dai waƙoƙin nishaɗi na kasuwa ba su gamsar da shi ba, kuma ya bar ƙungiyar a 1970.

Kafa ƙungiyar Area

A 1972 Stratos da makaɗin ganga Giulio Capiozzo suka kafa ƙungiyar Area. Daga cikin makaɗanta akwai Patrizio Fariselli, da Paolo Tofani, da kuma Ares Tavolazzi wanda ya shigo daga baya.

Ƙungiyar ta haɗa kiɗan rock da na jaz, da sautin na'urorin lantarki, da kuma karin kiɗan yankin Balkan da na Gabas ta Tsakiya. Sau da yawa makaɗan kan ƙirƙiri kiɗa nan take a kan dandamali ba tare da shiri ba.

A wancan lokacin Italiya na cikin tashin hankali tsakanin masu ra'ayin gurguzu da masu ra'ayin riƙau, tun bayan harin bam na dandalin Piazza Fontana a Milan cikin Disambar 1969. Area ba ta ɓoye cewa tana ɓangaren masu ra'ayin gurguzu ba.

Faifanta na farko, wanda kamfanin Cramps ya fitar a 1973, ya ɗauki sunan Arbeit macht frei, wato kalmomin da 'yan Nazi suka rubuta a ƙofar sansanin Auschwitz, domin tunatar da jama'a zaluncin da aka yi a can.

Waƙar da ta buɗe faifan ta fara ne da muryar wata mace tana karanta baitoci da Larabci, kuma ta taɓo halin da Falasɗinawa ke ciki. Wannan ya jawo ce-ce-ku-ce, kasancewar shekara guda ke nan da kisan 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta Munich.

Daga nan ƙungiyar ta fitar da Caution Radiation Area a 1974, da Crac! a 1975, da kuma Maledetti a 1976, wanda fitaccen mai busa jaz ɗan Amurka Steve Lacy ya taka rawa a cikinsa.

Binciken murya

Abin da ya fi bambanta Stratos da sauran mawaƙan zamaninsa shi ne binciken da ya yi a kan muryar ɗan Adam.

Ya lura da yadda 'yarsa ke fitar da sautuka iri-iri tun tana jaririya, da yadda waɗannan sautuka suka ragu bayan ta fara magana. Daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa harshe na takure murya, kuma ya duƙufa wajen 'yantar da ita.

Kamar yadda makaɗin kalangu a ƙasar Hausa ke sa ganga ta kwaikwayi maganar mutum, shi Stratos akasin haka ya yi: ya sa maƙogwaronsa ya yi aikin kayan kiɗa.

Ya nazarci salon waƙar maƙogwaro irin ta mutanen Mongoliya, har ya iya fitar da sauti biyu ko uku a lokaci guda. Masana ilimin furuci a birnin Padua sun auna muryarsa da na'urori.

Ya yi aiki da mashahurin mai tsara kiɗa na Amurka John Cage, sannan ya fitar da faya-faye biyu na murya zalla, Metrodora a 1976 da Cantare la voce a 1978. A shekarar 1978 ɗin ne ya bar Area domin mayar da hankali ga wannan bincike.

Rasuwarsa

A watan Afrilun 1979 likitoci suka gano cewa ɓargonsa ya daina samar da isasshen jini. An kai shi wani asibiti a birnin New York domin a yi masa dashen ɓargo.

Abokansa mawaƙa sun shirya gagarumin wasa a filin Arena Civica na Milan ranar 14 ga watan Yuni domin tara kuɗin maganinsa. Amma ya rasu ranar 13 ga wata, yana da shekaru 34, sai taron ya koma na ta'aziyya, inda dubun dubatar jama'a suka halarta.

An binne shi a ƙauyen Scipione Castello da ke arewacin Italiya.