Abubakar Ar-Razi: Likitan Da Ya Bambance Agana Da Ƙyanda

An haifi Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Ar-Razi a garin Rayyi, kusa da Tehran ta yanzu, wajen shekarar 865 Miladiyya. Ya shugabanci asibitin garinsu, daga bisani kuma na Bagadaza.

Ɗalibansa sahu-sahu suke zama. Idan majiyyaci ya zo, sahun farko ne ke yi masa tambayoyi. In sun gano cutar, shike nan. In ta gagare su, sai su miƙa shi ga na gaba, har ya iso gaban malam. Ta haka ɗalibi ke koyon aiki da hankalinsa, ba hadda kawai ba.

Shi kansa Ar-Razi yakan rubuta alamomin da ya gani a jikin majiyyata, ya kwatanta. Da haka ya fayyace bambancin agana da ƙyanda, cututtukan da a da ake cuɗa su. Hatta Jalinus, babban likitan Girka, bai tsira ba, domin ya rubuta littafi kan wuraren da yake shakkar maganarsa.

An fassara kundinsa Al-Hawi zuwa Latin a 1279. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Rayyi wajen 925.