Richard Trevithick

Richard Trevithick (13 Afrilu 1771 – 22 Afrilu 1833) injiniya ne ɗan ƙasar Birtaniya. An fi saninsa da ƙera tukunyar tururi mai jure matsi mai ƙarfi, da kuma kan jirgin ƙasa na farko da ya ja kaya a kan dogo.

Farkon rayuwa

An haife shi a yankin Cornwall na Ingila, inda ake haƙar kuza da tagulla. Mahaifinsa shugaban ma'aikata ne a wata mahaƙa, don haka ya taso a cikin injinan da ke zuƙe ruwa daga ramuka. A 1797 ya auri Jane Harvey, 'yar mai masana'antar narka ƙarfe a Hayle.

Tukunyar tururi

Tukunyar injin Thomas Newcomen na 1712 kamar babbar tukunyar girki take: ruwa a ciki, wutar kwal a ƙarƙashi. Tururinta ba shi da ƙarfi sosai. Idan ya cika silinda sai a sanyaya shi, nauyin iskar waje ya danna fistin ƙasa. James Watt ya inganta injin, amma ya ƙi ƙara matsi saboda tsoron fashewa.

Trevithick ya mayar da wutar cikin tukunyar. Ya yi ta doguwa kamar gangar da aka kwantar, ya ratsa bututun wuta ta tsakiyar ruwan, zafi ya daina tsiyaya a banza. Siffar ganga kuma ta fi jure matsi. Da haka tururi da kansa ke tura fistin, injin ya ƙanƙance har ya hau ƙafafu. Tukwanen jiragen da suka kai Kano a 1911 da Ƙaura Namoda a 1929 ma a cikin ruwa zafin wutarsu ke bi, sai dai ta bututu masu yawa.

Tsoron Watt ba na banza ba ne. A 1803 wata tukunyar Trevithick ta fashe a Greenwich, mutum huɗu suka mutu. Daga nan ya riƙa sa bawul biyu na fitar da tururi, da toshiyar dalma wadda ke narkewa idan ruwa ya yi ƙasa, tururi ya fito ya ankarar da mai kula da injin.

Ranar 21 ga Fabrairu 1804, injinsa ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70 daga Penydarren zuwa Abercynon a Wales, tafiyar kusan mil 10. Nauyinsa ya riƙa karya dogon, sai aka ajiye shi.

Ƙarshen rayuwa

Bai iya riƙon kuɗi ba. A 1816 ya tafi Peru da niyyar aiki a mahaƙar azurfa ta Cerro de Pasco, yaƙin neman 'yanci ya ɓata shirin, ya dawo a 1827 hannu rabbana. Ya rasu a Dartford, aka binne shi a kabarin da ba a sa wa alama ba.